Sharar Bana Wurin Ɗanka Na Karɓe Ta

Zuwa ga Malam Usmanu, wanda kasuwar Argungu ta sani da Mani Mahauci.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina roƙon Allah ya sa ƙasa ta yi maka sauƙi, ya yalwata maka makwanci. Ni ne Bube masunci na bakin gulbi, wanda ka ƙare rayuwarka kana kira bawanka, alhali duk garin nan an san wane ne bawan wani.

Ka san ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Ni ke faɗa, ɗiyata Balki ke rubutawa a waya. In ka ji Hausar ta koma irin ta Kanawa, ita ke gyara mini baki, ba da yardata ba. Na ce ta sa inda jama'a za su gani, don maganar ba taka ba ce kai kaɗai.

Abin da ya sa na tashe ka shi ne Nasiru. Ɗanka ya ɗauki hanyarka, sawu a kan sawu, ni kuwa na san inda hanyar nan take ɓullewa, tunda da ni aka kai ka. Zan gaya maka yadda muka ƙare da shi, amma ka bar ni in faro daga baki. Tsoho ba ya faɗawa gulbi ta tsakiya.

Kai ka sani, yaran yanzu ne ba su sani ba: tun kaka da kakanni, masunta da mahauta abokan wasa ne. Mu ce muku masu jini a riga, ku ce mana masu ƙarni. Ba a fushi, ba a kai ƙara, ba a riƙe magana a zuci. Abu ne mai kyau, kuma har gobe ba zan ce a bar shi ba. Sai dai akwai abin da ba wanda ya gaya mana: bakin da aka saba jin wasa daga gare shi, ko kuka ya yi, cewa za a yi ya iya.

Ka tuna ranar da muka fara haɗuwa? Ka zo bakin ruwa wanke tumbi da hanji na babanka, ni ina can ƙasa da kai ina duba gura, tarkonmu na kifi. Duk ƙazantar ta gangaro kaina. Na zage ka, ka ce ai sadaka kake yi wa dangina tarwaɗa, su ci su yi ƙiba. Muka kama kokawa cikin laka. Iyayenmu suka zo, maimakon su raba mu sai suka tsaya suna ɗora tasu gardamar a kan tamu. Tun daga ranar ban taɓa kiran ka da sunanka na yanka ba, kai ma haka.

A lokacin nan kai ƙarfe ne. Da ƙafa kake zuwa garin Gulma ka koro sa, ka kayar da shi, ka feɗe, ka saɓa cinya a kafaɗa har kasuwa ko haki ba ka yi. Ina faɗin haka don kada mai karatu ya ɗauka rago nake yi wa makoki.

Arziki ne ya zaunar da kai. Da Allah ya buɗa maka, ka sayi babur, ka sa masu yanka da masu fiɗa, kai kuma ka koma kan benci kana nuni da yatsa. Karin kumallonka romo da tozo. Shayinka sai cokali ya ji nauyin sukari. Gishiri kake barbaɗa wa abinci tun kafin ka ɗanɗana. Da rana lemon kwalba mai sanyi, goro kuwa bakinka ba ya rabuwa da shi. Barci ka mai da shi abin raggaye, da asuba kana kwata, da yamma kana gaban tukuba. Wuyanka ya ninku, tumbinka ya riga ka shiga ɗaki. Mutane suka riƙa cewa Mani ya yi jiki, Allah ya yi masa albarka. Ni ma da bakina na faɗa, har na ƙara da cewa in aka rasa sa ranar Sallah ba za mu sha wahalar nema ba.

Ni ba wayo na fi ka ba. Gulbi ne ya tsara mini zama, talauci ya ƙarasa sauran. Wanda zai tuƙa jirgi dole ya motsa kafaɗa. Wanda ba shi da abin hawa dole ya taka. Abincina tuwo da miyar kuka, kwaɗon zogale, da kifin da ya yi kwantai. In rana ta take kifi ba ya tasowa, sai in kwanta gindin itace in runtsa. Da ni aka ba babur ɗin nan da tozon nan, wataƙila kai ke yi mini wannan wasiƙa.

Balki ce ta buɗe mini ido, kuma ba da daɗi ba. Da ta fara aiki a asibitin unguwa, ta zo gida da abin awon jinin nan da ake ɗaura wa mutum a damtse. Na ce hannuna ba buhun albasa ba ne da za a ɗora a sikeli. Ba ta yi gardama da ni ba, ta ɗauke homata ta kamun kifi ta kulle a ɗakinta, ta ce ranar da na miƙa hannu ranar zan koma su. Ka san taurin kaina. To, ta gaje shi har da riba. Na miƙa.

Ta ce jinina ya fara hawa. Ta ce wannan ciwo ba ya sallama, sai dai a wayi gari ya shige ɗaka. Ta rage gishirin gidan, ta mai da mu kan daddawa, ta ce in riƙa shan ruwa tun ƙishirwa ba ta kama ni ba, ta haɗa ni da wata 'yar ƙwaya kowace safiya. Na yi mita har maƙwabta suka gaji. Amma ciwon kan da na daɗe ina ɗora wa rana, sai na neme shi na rasa.

Daga nan na fara kallon ka da wani ido. Na ga yadda kake kai hannu ƙeya kana matsawa. Na ga idonka ja kamar garwashi. Na ji numfashinka a sahu in za ka taso daga sujada. Ranar da haɓo ya ɓalle maka a kasuwa ka ce zafi ne, ka aika kemis aka kawo maka maganin ciwon kai, ka kora da lemo, ka ɗora da tsimin basir na masu yawo da lasifika.

Na gaya maka, Mani. Allah shaida ne na gaya maka. A kan bencinka na fara, na ce ka je a auna ka. Ka dube ni sama da ƙasa ka ce: “Kihi ya yi kwantai ke nan, anka aiko ka ka ɓata man kasuwa.” Duk rumfar ta ɗauka da dariya. Ni ma na dara, don maganar ta yi daɗi.

Haka muka yi ta yi. Na ce ka riƙa takawa ko zuwa masallaci ne, ka ce wanda ba shi da babur dole ya yabi ƙafa. Na ce ka ci ganye, ka ce kai masu cin ganye kake yankawa. Na ce ka sha ruwa, ka ce ruwa namu ne mu da kwaɗi. Na ce ka riƙa kishingiɗa bayan azahar, ka ce ka bar wa masunta, tunda mu ko a farke muke barci muke yi. Duk abin da na kawo sai ka feɗe shi ka rataye, mutane su zo kallo. Kuma gaskiya ka fi ni baki, yau dai na yarda.

Na aiko maka Balki da abin awon. Ka ce ɗiyar masunci ai ita ma abokiyar wasa ce, ka miƙa mata hannu ka ce ta yi ciniki, damtse ne mai kyau ba ƙashi. Tana ƙoƙarin ɗaurawa ka janye, ka sallame ta da ƙunshin kilishi. Na sami uwargidanka Hajiya Kulu ta bayan labule na yi mata bayani. Da fari ta ce mun fi kusa, ba ta shiga tsakaninmu. Daga baya ta ji tsoro ta rage gishirin miya, sai kai kuma ka koma yawo da ƙullin yajin tsire a aljihu.

Akwai wata Juma'a da ba ta barin raina. Na sa farar rigata, na zo zaurenka bayan an sauko, na yi sallama irin ta baƙo, na zauna a tabarma ban yi murmushi ba. Abokanka suna nan. Na rantse maka da Allah cewa ba wasa ya kawo ni ba, ina jin tsoron kada ka faɗi. Sai wani ya ce Bube ya fito da sabon salo, ku dubi yadda ya ɗaure fuska kamar alƙali. Zauren ya kece. Ka yi dariya har ta sarƙe ka, ka share hawaye, ka aika cikin gida aka naɗo mini tozo a takarda, ka ce ladan wanda ya iya wasa ke nan.

Na fito da ƙunshin nan a hannu ban san inda zan sa kaina ba. Rantsuwar ma ta zama wasa. Da wane baki kuma zan yi magana, tunda guda ɗaya Allah ya ba ni?

Ranar kasuwa ce, da hantsi. Ina ɓangaren 'yan kifi na ji hayaniya ta tashi daga wajenku. Da na iso wuƙa tana ƙasa, kai kana jingine da teburi, bakinka ya karkace, kana kallon hannunka na dama kamar na wani. Wasu suka ce iska ce ta buge ka, a nemo mai ruƙiyya. Balki ta iso a guje, ta ce a yi addu'ar a cikin mota, a wuce Birnin Kebbi yanzu. Likitoci sun yi iya yinsu. Ka dawo gida da rai, amma ɓarin jiki ya tafi, harshe ya bi shi.

Harshenka, Mani. Cikin duk abin da za a ɗauka.

Kullum bayan la'asar ina zuwa. In zauna bakin shimfiɗarka in murza maka hannun da man kaɗanya, in ɗaga ka mu bi bango a hankali, kafaɗata a hammatarka. In ce yau ga mahauci a hannun masunci, sai yadda na ga dama. In ce bawa ya dawo gidan ubangijinsa. Rabin bakinka ya yi dariya, rabin ya ƙi. Ina ganin amsar tana tasowa a idonka, na san mai zafi ce, sai ta iso maƙogwaro ta tsaya. In jira. In ƙara jira. Tun muna yara nake neman ranar da zan yi magana ka rasa ta mayarwa. Da ranar ta zo, ban taɓa ɗanɗana abu mai ɗaci irinta ba.

Hajiya Kulu tana ba ka faten da ba gishiri da kwaɗon zogale a cokali, kana haɗiya kana kallo na. Ban taɓa ce maka ai na faɗa ba. Kai ma ka san ban ce ba.

Wata rana Nasiru ya zo daga Birnin Kebbi duba ka. Ya gaishe ka, ya zauna a kujera yana haki don 'yar tafiyar da ya yi daga ƙofar gida. Ya kai hannu ƙeya ya matsa. Ya ce a miƙo masa lemo mai sanyi, ya ɓalli ƙwaya daga aljihu ya kora. Sai na ji ka damƙe mini wuyan hannu da hagunka, damƙa irin ta mai kayar da sa. Idonka ya je kansa, ya dawo kaina, ya sake komawa. Wani sauti ya fito maka wanda ba magana ba. Ban san abin da kake nufi ba. Wataƙila juyi kake so, ko ruwa. Ni dai na ɗauke ta wasiyya, kuma ba ka nan balle ka ƙaryata ni.

Gulbi ya fara kawowa ka tafi.

A wajen zaman makoki kowa ni yake kallo. Ka san al'ada, abokin wasa ne ke sassauta wa mutane zuciya, ya ce mamaci ya gudu ne don ya ji tsoronsa, a ɗan murmusa cikin hawaye. Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Wani tsohon mahauci ya so ya taimake ni, ya ce to masunci, gari ya zama naka. Na tashi na bar musu wurin, na tafi bakin ruwa na zauna har aka kira magariba.

Kada in ɓoye maka, bayan tafiyarka ni ma na saki jiki. Na daina shan ƙwayar, tuwo in taɓa in ture, homa tana rataye gizo-gizo ya yi gida a ciki. Ba na zuwa kasuwa don kada in bi ta gaban bencinka. Balki ta zuba mini ido kwanaki, sannan ta zo ta zauna. Ta ce baƙin ciki ma ciwo ne, kuma shi ma yana hawar da jini. Ta ce jikin nan aro ne aka ba mu, kula da shi ba son jiki ba ne, riƙon amana ne. Ta ce in fita in zauna cikin mutane, in yi maganarka da baki maimakon in riƙa haɗiye ta. Na ce yaushe ƙwai ya fara yi wa kaza wa'azi. Amma da safe na sha ƙwayar, na sauko da homa. Ba maganarta kaɗai ta tashe ni ba. Wurin da ka damƙa ne bai daina yi mini zugi ba.

Sai ga watan cika-ciki ya kama, lokacin shara. Ka tuna yadda muke yi duk shekara: abokin wasa ya je wurin abokin wasansa ya karɓi ɗan abin da ya samu, kuma ba a hana shi. Ni da kai ba mu taɓa shiryawa kan wa zai ba wani ba. In zo karɓa, ka ce bawa ba ya karɓar shara wurin ubangida sai ya durƙusa. Ka zo karɓa, in ce ka biyo ni tsakiyar gulbi in ba ka. A ƙarshe ka tafi da kifi, in tafi da nama, kowa yana cewa shi ya ci.

Bana na wayi gari ba ni da wurin zuwa. Sai na sa farar rigar nan, na ɗauki gorar ruwata, na shiga motar Birnin Kebbi.

Ɗanka ya yi gaba, Mani, ka yi alfahari. A unguwar Badariya rumfarsa take, da rufin kwano da firji da ma'aikata. Yana zaune a kan benci yana nuni da yatsa. Da na hango shi daga nesa, kai na gani, har ninkin wuyan. Ya taso da murna yana cewa ga Baba mai ƙarni, a rufe naman kada ya ɗauki wari. Ya ce ya san abin da ya kawo ni, ya kai hannu aljihu.

Na ce ya mai da hannunsa. Na ce sharar bana ni zan zaɓa, kuma ya san ba a hanawa. Abin da nake so shi ne ya tashi ya bi ni, da ƙafa, a ɗaura masa abin awo a damtse.

Ya yi dariya. Taka ce sak, har yadda kake jefa kai baya. Ma'aikatansa suka taya shi. Ɗaya ya ce kifi ya yi kwantai a Argungu. Ban san a bakin wa ya ji ta ba, ko gadonta ake yi. Na ji ƙafafuna suna cewa mu koma tasha.

Ban koma ba. Na zauna a ƙarshen bencin na yi shiru.

Ya sa aka kawo mini balangu mai zafi, ban taɓa ba. Aka kawo shayi, ban duba ba. Ruwana na riƙa kurɓa. Suka yi ta jefo magana, ta ƙarni, ta kwaɗi, ta mutanen da ke barci a jirgi, irin waɗanda da a da ne kafin su rufe baki na mayar da uku. Ina da amsar kowace, tana nan a kan harshena. Na haɗiye. A wurin nan na san abin da ka ji a kan shimfiɗa.

Aka kira azahar. Masallacin ana hango shi daga rumfar, amma ya hau babur. Ni na taka, kuma a sahu ɗaya muka tsaya. Muka dawo na koma mazaunina. Masu sayen nama suka fara tambaya ko lafiya tsohon nan. Dariyar ta riƙa raguwa har ta ƙare. Ashe abin da ba su taɓa gani ba ke nan, mahauci ya jefi masunci, masunci ya ƙi ramawa. Rantsuwa ba ta ba ku tsoro ba, shiru ya ba su.

Can Nasiru ya zo ya tsuguna a gabana, ya cire hula, ya tambaya ko wani laifi suka yi. Na ce masa:

“Nasiru, ni nir riƙa ƙahwar Usmanu ran da munka sa shi ƙasa. Ban da ƙarhin riƙa taka.”

Bai taɓa jin sunan nan a bakina ba. Ni ma ban taɓa jin sa a bakina ba. Da ya fito sai ya jawo kukan da ya ƙi fita ranar makoki, a tsakiyar kasuwar mutane, da furfurata da komai. Ban ji kunya ba, kuma har yanzu ban ji ba.

Nasiru ya tashi ya wanke hannu, ya ɗauki makullin babur. Na dube shi. Ya ajiye.

Muka taka. Tafiyar ba ta kai daga gidana zuwa bakin gulbi ba, amma sai da na riƙa tsayawa ina jiran sa, ni da na haife shi a shekaru. A asibitin wata ma'aikaciya ta ɗaura masa abin, ta duba, ta sake ɗaurawa, sannan ta kira wanda ke gaba da ita. Suka ce ya hau ƙwarai. Ba su bar shi ya tafi ba sai da ya kwanta ya huta suka sake dubawa. Suka ba shi magani, suka gaya masa abin da zai rage da ranar da zai dawo. Da muka isa gidansa na yi wa matarsa Rabi bayanin gishiri da mai da lemo. Ita ba ta yi dariya ba. Ɗiyar manoman shinkafa ce, ba wasa tsakanina da ita.

Ba zan yi maka ƙarya in ce an gama ba. Jininka ne. Yana kira na a waya in ya fito sallar asuba, ya ce ya biyo doguwar hanya, in ce ya yi shiru in ji takunsa, don ban yarda da mahauci ba. Wata rana ya kira, wata rana shiru, kuma in na ji shiru na san babur ya yi nasara. Yana ƙorafi miyar gidansa ta koma ruwan gulbi. Rabi ta ce yana shan maganin, ya rage lemo, ya fara kishingiɗa da rana, amma tozo har yanzu suna gaisawa a ɓoye. Ban ce ya bar nama ba, ban taɓa ce maka haka ba kai ma. Cewa na yi komai da ma'auni, ku da kuke rayuwa a gaban sikeli. Ko zai riƙe, Allah ne masani. In ya saki, motar Birnin Kebbi ba ta ƙare ba, bencin ma yana nan.

Sai dai akwai abin da na biya, kuma kai kaɗai za ka gane nauyinsa. Tun daga ranar Nasiru bai sake yi mini wasa ba. Baba yake ce mini, Baba kawai, da ladabi, da sunkuyar da kai. Ma'aikatansa in sun gan ni sai su miƙe tsaye. Na gwada jefa masa wata rannan a waya, na ce mai jini a riga ya kwana lafiya? Ya ce lafiya lau Baba, Allah ya ƙara girma. Na sami kunnensa, na rasa bakinsa. Yanzu duk faɗin duniyar nan ba mai ce mini bawa. Na ɗauka daɗi zan ji.

Da za a mayar maka da harshenka na yini ɗaya, na san ba wa'azi za ka yi ba, ni za ka fara nema. Amma in ka gama da ni, ka gaya wa masu karanta wannan su taka ƙafarsu, su sha ruwa, su ba ido haƙƙinsa, su miƙa hannu a auna tun suna iya miƙa shi da kansu. Kuma in wanda suka saba dariya da shi ya zo musu wata rana da farar riga ba ya murmushi, su saurara.

Saura magana ɗaya. Ka tuna karatun da Malam ya yi a masallaci, ranar da ka makara a kwata, cewa farkon abin da 'yan Aljanna za su ci hantar kifi ce? Shekara da shekaru ina dukan ka da ita, kana cewa sai ka ji da kunnenka. Gaskiya ce, haka ya faɗa. Amma bai tsaya nan ba. Ya ce bayan hantar, sa za a yanka musu. Wannan rabin na riƙe, na ce sai ranar da ka kai ni bango in fito da shi mu yi kunnen doki. Ranar ba ta zo ba.

Ya Allah, ga bawanka Usmanu. Bai taɓa tauye mudu ba, bai taɓa sallamar mai yunwa hannu wofi ba, ko masunci ne. Ka gafarta masa, ka sa jinyar da ya yi ta zama kaffara, ka haskaka kabarinsa, ka saki harshensa ranar tambaya. Ka ba Hajiya Kulu haƙuri. Ka ba Nasiru lafiya da tsawon kwana, ka sa shi ya riƙe ƙafata ba ni in riƙe tasa ba. Ka sa mu cika da imani, ka haɗa mu a inda ba ciwo. Amin.

In Allah ya sa muna cikinsu, Mani, ka daure ka ci hantar, ba za ta kashe ka ba. Ni kuma zan zauna a ci san da ni, in ji abin da ka tara mini.

Wassalam.

Ubangidanka, ko ka ƙi ko ka so,
Bube na bakin gulbi, Argungu.